Dokar Muttaka a Gurup ɗin Masu Gyaran Waya

Duk wanda ya san kasuwar Yankara ya san rumfar Muttaka mai gyaran waya, ya kuma san bakinsa ba shi da linzami. Hannu ne da shi na kirki, amma fara'a ko ta sisi babu.

Shi ya buɗe gurup ɗin masu gyara na Kankara, Faskari da Sabuwa, yana ji da shi kamar gonar gado. Can ake tambaya, can ake turo manhajar buɗe waya wadda aka fasa wa lasisi. Al'adar sana'ar ce ma, ranar da oga zai yaye yaronsa da ita yake sallamarsa. Muttaka kansa ya raba ta ba adadi.

Sai ɓarayin daji suka ɗauke ƙanensa Gide a hanyar gona, wanda shi ma ɗan gurup ne. Bai dawo ba. Bayan damina Muttaka ya je Sabuwa, ya ga wayar Gide a kan teburin wani mai gyara, Bilya. Ya gane ta da jan salatif ɗin da ya manna da hannunsa. An riga an buɗe ta, an goge komai, hotuna da murya duka.

Ranar ya kafa doka: wanda ya sake turo fasasshiyar manhaja, ko ya koya wa wani fasa ta, waje.

Gurup ya ɗauki zafi. Bilya ya turo murya: "Malam Muttaka, wagga doka taka ba mu yarda ba. Masu manhajar dangin ubanka ne? Wa ya ba ni ita in ba kai ba?"

"Ni na ba ka," in ji Muttaka, "shi ya sa ban iya barci. Mai lasisi ana sanin abin da ya buɗe. Kai ko, ɓarawo ya zo ka yi mashi hidima, ba ka ko tambaya."

Suka ce ɗan koren Turawa ne. Ya cire Bilya, ya cire masu goya masa baya. Sauran suka buɗe nasu gurup, suka dinga ficewa yana kallo, har yaran da ya yaye. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma bai janye ba.

Yanzu in ya duba gurup ɗin, mutum biyu suka rage: shi da lambar Gide.