Kifayen Baba Sun Koma Kafanchan

Ko masu ƙosai ba su hura wuta ba muka tashi daga Sabon Tasha, ni da maigidana da wani shuɗin bokiti da na ɗora a cinya. A cikin bokitin akwai kifi biyu, mace da namiji, kowanne bai kai ɗan yatsana tsawo ba. Saboda su muka nufi Kafanchan. Na san wasunku za su ce na rasa aikin yi ne, to ku tsaya ku ji dalili.

Yayan babana, wanda duk muke kira Baba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Tun da ya ajiye aiki yake kiwon ƙananan kifaye a akwatin gilashi a falonsa, irin masu wutsiya kamar atamfa. Ba a cin su, kallo kawai ake yi. Shekarun baya ya ƙulla mini guda biyu a leda, suka yi ta haihuwa a gidana. Da ya rasu wata huɗu da suka wuce, matan zumunta na coci suka cika gidan suna gyara saboda baƙi. Suka ga gilashin ya yi kore, suka kwashe kifayen a roba, suka wanke shi tas da sabulu, suka mayar da su. Kafin a dawo daga jana'iza duk sun mutu, sun taso saman ruwa. Matarsa, Mama, ita ta miƙa musu sabulun da hannunta, kuma tun ranar ba ta sake zama a falon ba. A kicin take yini. Ni ma da na dawo daga makoki na tarar an yi kwanaki babu wuta, injin da ke hura wa kifayena iska ya tsaya, nawa sun mutu saura waɗannan biyu. Su ke nan zuriyar kifin Baba a duniya, ga macen da ciki haihuwa yau ko gobe.

Har Kujama hanya lafiya lau. Daga nan ramuka suka fara gaishe mu. Duk ramin da muka faɗa sai ruwa ya fantsamo ta hujojin murfi ya jiƙa mini zani, ni kuma in ce, "Don Allah a hankali!" Maigidana ya ce tun da ya aure ni bai taɓa jin na roƙi a rage gudu ba sai yau da na ɗauko manyan fasinjoji. Gonakin masara sun yi kore shar a gefen hanya, mata na tafiya gona da fartanya a kafaɗa, amma idona yana kan bokiti.

A wani shinge soja ya leƙo ya tambayi abin da na rungume haka. Na ɗaga murfi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Madam, wannan ko miyan mutum ɗaya ba zai yi ba fa." Ya kira abokinsa shi ma ya gani. Ni dai Allah-Allah nake su bar mu, don rana ta fara dukan gilashin mota kuma ruwan bokitin ya fara ɗumi.

A Kachia muka tsaya. Garin kamar kullum, ƙamshin citta ya riga ka shiga kasuwa, sai dai ta yi tsadar da mai sayarwa ma sai ta yi ajiyar zuciya kafin ta faɗi kuɗin mudu. Maigidana ya tafi neman gasasshiyar masara. Ni na sauke bokiti a inuwar rumfar wata mai citta, na buɗe don su sha iska. Sai na ga wasu abubuwa kamar ƙwayar ido biyu-biyu da jela suna yawo a saman ruwa. Ta haihu a hanya! Irin wannan kifin ba ya saka ƙwai, 'ya'ya yake haifa da ransu, kuma halinsa ɗaya marar kyau, iyayen suna cinye su. Na ƙirga tara. Kafin in gama salati irin namu na kiran sunan Yesu, na sake ƙirgawa na ga takwas.

"Anti, lafiya?" in ji mai cittar. Na ce ta taimake ni da wani mazubi, uwa ce ke cin 'ya'yanta. Ta leƙa, ta kama baki. "Kai, wannan uwan ba shi da tsoron Allah!" Ta juye gyaɗar da ke cikin wata roba a faifai, ta miƙo mini da ludayin kununta. Na ɗauraye su da ruwan gora, muka durƙusa mu biyu muna farautar abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Bakwai muka tsirar. Maigidana ya dawo da masara ya same mu a haka, ya ci tasa ya ci tawa.

Daga nan na zama mai kaya biyu, bokiti tsakanin ƙafafu, roba a hannu. Zonkwa, Samaru Kataf, duk na wuce su ina ƙirga bakwai, bakwai, bakwai. Sai da dutsen Kagoro ya bayyana da hadari a kansa na ɗaga kai na kalli waje. A raina kuma wata damuwar ce. Na riga na gaya wa Mama a waya ta ɗauraye akwatin da ruwa zalla, ta cika shi da ruwan rijiya ya kwana biyu. Idan ta kasa shiga falon fa?

Mun same ta a ƙofar kicin, ta rame. Na rungume ta da hannu ɗaya don ɗayan yana riƙe da roba. Na ce mu fara duba akwatin. Ta ce, "A'a, yarinyana, baƙo zai sha abu tukuna." Ta zaunar da mu a benci, ta ɗauko wani kwali da 'yarta ta aiko daga Abuja, shayi ne mai zare, kowane ƙulli da hoton ɗan itace a jiki. Akwai na mangwaro, akwai na lemo, akwai wani ja da ban san uwarsa ba. A gidan nan shayi ɗaya aka sani, baƙi mai citta da Baba yake haɗawa da kansa. Cittar tasa tana nan a wata babbar kwalba a kan kabad, rabi, an ɗaure bakin da leda. Mama ta ce tun da ya tafi ba ta iya jin ƙamshinta.

Na ɗauki na mangwaro. Ƙamshi kam kamar ka tsaya a gindin bishiya a watan Afrilu, amma da na kurɓa sai na ji ruwan zafi ne kawai ya wuce. Hanci ya ƙoshi, harshe yana jira. Na lemon ya ɗan fi shi magana. Jan kuwa maigidana ya ɗanɗana ya ce wannan ai zoɓo ne da ya yi karatun boko. Mama ta yi 'yar dariya. Nata kofin yana gefe ba ta taɓa ba. Ni kuma ina shan shayi ina leƙen roba.

Da ƙyar na samu na shiga falo. Akwatin yana nan cike da ruwa garau, na shinshina, babu ƙamshin sabulu ko kaɗan. Daga bakin ƙofa Mama ta ce sau biyar ta ɗauraye shi. Na riƙa zuba ruwan akwatin kaɗan-kaɗan a bokiti har iyayen suka saba, sannan na sake su. Namijin ya buɗe wutsiya ya zaga wurin kamar ya san gidan kakansa ne. Saura 'ya'yan. Na gaya wa Mama ba za su zauna da iyayen ba sai sun yi wayo, kuma robar nan ta yi musu kaɗan, ana son abin gilashi mai faɗin baki.

Ta koma kicin, muka ji motsin kujera. Sai ga ta da kwalbar Baba. Ta kwance ledar da kanta, ta juye cittar a kwano, ƙamshi ya cika gidan. Maigidana ya miƙa hannu zai karɓa ya wanke. Ta riƙe gam. "Ni zan wanke," in ji ta. "Ba sabulu." Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba.

Da muka zuba su bakwai a kwalbar, ta ɗora a kan teburin falo, ta ɗebi cittar da cokali ta zuba a jan shayin nan, ta sake ɗora shi a wuta. Abin mamaki, sai ya zama shayi na gaske, tsami-tsami da yaji a maƙogwaro. Ta zauna a kujerar Baba da kofinta, ta sa tabarau, tana ƙirga su da yatsa. Ta shanye har ta ƙara.

Ruwan sama ya raka mu daga Kagoro har Kachia, inda na mayar wa mai citta robarta ta tambaye ni lafiyar yaran. Kafin magariba mun iso Sabon Tasha. Bokitin yana bayan mota, cinyata ba kaya, na rasa inda zan sa hannuwana. Abin da na koya a wannan tafiya, wata huɗu muna yi wa Mama wa'azin haƙuri a waya bai shigar da ita falonta ba, sai da aka ba ta abin da za ta ciyar da safe. Na shiga nawa falon na tarar da akwatina ruwa zalla, injin yana ta hura iska ba kowa. Na kai hannu zan kashe, sai na tuna abin da ta faɗa mini ta tagar mota: "Kar ki zubar da ruwanki, yarinyana. In sun haihu, ki zo in ƙulla miki biyu a leda." Na bar shi a kunne.