Tambayar da Nafi'u Ya Yi wa Saje Haladu

Wata rana da hantsi, wani mai gyaran waya a Kaduna, sunansa Nafi'u, yana zaune a shago. Kasuwa ba ta kankama ba tukuna, sai ya jawo wayarsa yana duba saƙonni.

Nafi'u mutum ne mai barkwanci. Duk inda ya zauna sai an yi dariya. A layinsu ba wanda ya tsira daga bakinsa, daga mai shayi har ladanin masallacin kasuwa.

Akwai wani zauren WhatsApp da yake ciki, na sojoji da tsoffin sojoji da iyalansu. Shi ba soja ba ne. Ƙanensa ne ya shiga aikin, aka saka shi a zauren don ya riƙa jin labari.

Zauren yana da tsarinsa.

Ana farawa da sallama. Ana kiran mutum da muƙaminsa, Kofur wane, Saje wane, Samanja wane, ko da ya daɗe da ajiye kaki. Wanda ba a san muƙaminsa ba, a ce masa Yallaɓai. Kuma ba a matsa wa kowa ya ba da labarin fagen daga, sai in shi ya ga dama.

Nafi'u ya ga duk wannan, amma a wurinsa iyayi ne kawai.

"Hira ce fa a waya, ba fareti ba," haka yake cewa.

To, a wannan safiyar sai wani dattijo ya saka hoto.

Saje Haladu ake ce masa. Tsohon soja ne, kuma ba mai yawan magana ba ne a zauren. Hoton tsoho ne, ya ɗan koɗe. Samari biyu ne cikin kaki, sun dafa kafaɗar juna suna dariya.

A ƙasa ya rubuta: "Ni da abokina Kofur Isuhu. Yau shekara ta sake zagayowa. Allah ya jiƙansa."

Mutane suka fara amsawa. Amin, Saje. Allah ya gafarta masa, Saje. Allah ya ba ka haƙuri, Yallaɓai.

Nafi'u ya kalli hoton ya yi murmushi. Yatsunsa suka riga hankalinsa.

Ya rubuta: "Kai tsoho, bar mu da hoto. Faɗa mana gaskiya, mutum nawa ka kashe? Ko dai a kicin ka yi naka yaƙin?"

Ya jera alamun dariya a baya, ya tura.

Ya jira a yi dariya.

Ba wanda ya yi.

Zauren da ke ta motsi ya yi tsit. Yana ganin mutane suna karantawa, ba mai cewa uffan. Wani ya fara rubutu, ya fasa.

Can sai saƙon murya ya shigo daga Saje Haladu. Gajere ne.

Nafi'u ya kara wayar a kunne.

Muryar a dushe take, tana rawa. "Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda na taɓa ɓata wa rai, ya yafe ni don Allah. Na gaji."

A bayan muryar ana jin ƙarar ƙofa.

Sai zauren ya nuna: Saje Haladu ya fita.

Nafi'u ya sauke wayar daga kunne.

Ya yi maza ya goge abin da ya rubuta. Amma kowa ya riga ya gani, kuma wanda aka yi dominsa ya riga ya tafi.

Yana nan zaune, wani ya kawo waya gyara, ya karɓa ya ajiye bai ma ji matsalarta ba. Yana ta gaya wa kansa cewa fushi ne kawai irin na tsofaffi, zuwa yamma zai huce.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Kai ne Nafi'u?"

"Ni ne."

"Samanja Bitrus ke magana, shugaban zaure. Ina shagonka yake?"

Nafi'u ya kwatanta masa. Ya ce, "Yallaɓai, wallahi wasa nake yi."

Samanja ya ce, "Yanzu matar Saje Haladu ta kira ni. Ya fita daga gida. Bai ɗauki waya ba, bai sa takalmi ba, maganinsa yana kan tebur. Ka rufe shagon nan, ga ni nan zuwa."

Nafi'u bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya ɗauki makulli, ya rufe shagon.

Samanja ya iso a kan babur. Dattijo ne dogo, furfura ta cika kansa. Bai yi masa faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya dai ce, "Hau."

Da ma ya zage shi, da Nafi'u ya fi samun sauƙi.

A hanya ne Samanja ya gaya masa abin da bai sani ba.

Tun da Saje Haladu ya dawo daga daji bai koma daidai ba. Ƙarar tayar mota in ta fashe, sai ya kwanta a ƙasa. Ya daɗe yana kulle kansa a ɗaki, ba ya zuwa suna, ba ya zuwa biki. An sha kai shi asibiti. Da ƙyar da lallashi abokansa suka shawo kansa ya shiga zauren, don ya riƙa jin muryar mutane.

"Hoton nan da ka gani," in ji Samanja, "shi ne karo na farko da ya ambaci sunan Isuhu a gaban jama'a."

Nafi'u ya riƙe ƙarfen babur da ƙarfi.

Suka je masallacin unguwar Saje. Ba a gan shi ba.

Suka je wurin mai shayin da yake zama wani lokaci. Mai shayi ya ce ya ga wucewarsa, ya gaishe shi bai amsa ba, kuma ya nufi hanyar kogi.

Hanyar kogi.

Samanja ya ƙara wuta.

Damina ce, kogin ya cika ya batse, ruwan ja wur yana gudu. Tun daga nesa suka hango mutane sun taru a kan gada, kowa ya leƙa ƙasa. Wasu suna nuni da hannu. Wata mata ta ɗora hannu a ka.

Nafi'u ya sauka daga babur.

Yana ta maimaitawa a ransa, ya Allah kada ya zama shi, ya Allah kada ya zama ta dalilina. Ya tuna muryar nan. Na gaji. Ya tuna ƙarar ƙofar.

Ya kutsa cikin mutane. Ya kama ƙarfen gada. Ya kasa leƙawa.

Samanja ne ya leƙa.

Masunta ne a cikin kwalekwale, suna jan wani abu da igiya zuwa gaɓa. Abu mai nauyi, ruwa yana juya shi.

Samanja ya daɗe yana kallo. Sannan ya sauke numfashi.

"Saniya ce. Ruwa ya kawo ta."

Nafi'u ya sulale ya zauna a ƙasa, a nan bakin titi, motoci suna wucewa.

Amma har yanzu ba a ga Saje ba.

Matarsa, Hajiya Kulu, ta sake kira. Samanja ya buɗe muryar wayar. Kuka take yi, tana cewa, "Samanja, ka nemo mini shi. Irin kallon da ya yi mini da zai fita, ban taɓa ganinsa ba. Ya ce in kula da yara."

Nafi'u ya toshe bakinsa da hannu.

Samanja ya kalli hanyar da ta haye gadar. Sai ya ce, "Maƙabarta tana gaba. Can aka binne Isuhu. Da rauni aka kawo shi garin nan, a asibiti ya cika. Da ni aka raka shi."

Suka haye.

Rana ta take lokacin da suka isa. Maƙabartar shiru, ciyawa ta yi tsawo, ba kowa sai tsuntsaye. Suka ajiye babur a bakin ƙofa suka shiga da ƙafa.

A can ƙarshe, kusa da katanga, suka hango mutum a zaune a ƙasa, ya jingina da wata bishiya, kansa a sunkuye.

Ba ya motsi.

Nafi'u ya tsaya cak. Samanja ya kira, a hankali: "Saje."

Shiru.

"Saje Haladu."

Sai kan ya ɗago.

Yana da rai. Ƙafafunsa duk laka, ƙaya ta tsaga ɗaya tana jini. Idanunsa sun yi ja, amma ba hawaye.

Nafi'u ya ƙarasa, ya durƙusa a gabansa. Bakin nan da ba ya rasa abin faɗa, yau ya rasa.

Da ƙyar ya ce, "Baba Saje, ni ne Nafi'u. Ni na rubuta. Ka yafe ni."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa.

"Kai ne kake son sanin mutum nawa na kashe?"

"A'a Baba, wallahi ba na so."

"Ni ma ba na so in sani. Amma suna zuwar mini a barci." Ya ɗora tafin hannunsa a kan kabarin da ke gefensa. "Wannan kuwa, kicin ɗin da ka raina, nan yake aiki. Abinci ya kawo mana ranar, ana harbi, don ya ji mun kwana da yunwa. A bayana na goyo shi."

Nafi'u ya kifa kansa a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Samanja ya zauna kusa da Saje, kafaɗa da kafaɗa, bai tambaye shi komai ba. Sun daɗe a haka. Daga baya ya ce, "Tashi mu je gida, Saje. Hajiya tana jira."

Ya tashi.

Suka tare mota. A ranar aka wuce da shi asibiti, kuma ya kwana biyu a can kafin a sallame shi.

Nafi'u ya rubuta doguwar ban haƙuri a zaure. Aka ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba wanda ya zage shi. Amma Saje Haladu bai dawo zauren ba. An roƙe shi, an aika masa, ya ce a bar shi tukuna.

Bayan an sallame shi, Nafi'u ya je gidansa dubiya. Saje yana barci. Hajiya Kulu ce ta fito ta same shi a zauren gidan, ta amsa gaisuwarsa, ta kawo masa ruwa.

Ya ce, "Mama, yaya jikin nasa?"

Ta ce, "Da sauƙi. Ya ce in ka zo in gaya maka ya yafe."

Nafi'u ya yi hamdala, ya fara godiya.

Ta ɗaga masa hannu.

"Ya yafe, ni ma na yafe. Amma ya koma kulle ƙofar ɗaki, ɗana. Shekaru muka yi muna lallashinsa kafin ya buɗe ta."

Ta ɗauki kofin ta shiga ciki.

Darasi:

In ka shiga zauren sojoji ko na tsoffin sojoji, ka shiga da ladabi. Ka yi sallama. Ka kira mutum da muƙamin da ya sha wuya kafin ya samu, in ba ka sani ba ka ce Yallaɓai.

Kada ka taɓa tambayar soja mutum nawa ya kashe. Kada ka raina aikin da wani ya yi a can, ko mai dafa abinci ne, ko direba, ko mai ɗaurin rauni. In ya buɗe baki zai ba da labari, ka saurara. In ya yi shiru, ka ƙyale shi da shirunsa.

Kana ganin suna da hoto ne kawai a waya. Ba ka ganin abin da mutumin yake fama da shi a ɗakinsa.

Kuma in ka ji wani ya ce ya gaji, yana neman yafiya ba dalili, kada ka ɗauka wasa ne. Ka kira shi, ka kira iyalinsa, ka je da ƙafarka.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, ya ba waɗanda suka dawo lafiya da natsuwa.

Ka tura wannan zuwa zaurukan da kake ciki, musamman ga abokin nan naka mai saurin yatsa, kafin ya rubuta abin da gogewa ba za ta gyara ba.