Dattijo da Mawaƙiyar da Ba Ta Numfashi

A rumfar cajin waya ta Tajuddeen, cikin kasuwar Makoda, wani dattijo yana tsugune, gemu fari fat, ƙasar gona har ƙwauri. Da ganinsa, irin masu hana kiɗa a gida ne. Wa'azi ya zo a tura masa, Tajuddeen ya haɗa masa da waƙar Japan don tsokana. Ga shi ya manna waya a kunne yana harare-harare, babban yatsan ƙafarsa kuwa sai rawa yake.

"Yaro, wannan yarinya 'yar ina ce? Ko numfashi ba ta yi!"

"Baba, ba mutum ba ce. Kwamfuta aka koya wa waƙa."

Ya shafa gemu a hankali.

"Wato ba muryar mace nake saurare ba?"

"Ko kusa."

"Alhamdulillahi! Ƙure mini ƙarar, ka ƙaro 'yan'uwanta."