Kaset ɗin da Dikko ya aiko daga Jidda

Duk wanda ya zauna a Kwanar Dangora lokacin da bidiyo ke sabon yayi ya san rumfar Surajo. Tana bayan masu shayi, an kewaye ta da zana, an jera bencina, ga talabijin a kan tebur an lulluɓe ta da tsohon zani. Da la'asar sai a tayar da janareto, direbobin da suka tsaya hutawa da samarin ƙauyuka su cika wurin suna kallon Indiya da 'yan Chana masu tashi sama. Amma kada ka kuskura ka kira shi mai gidan kallo, yanzu zai haɗe rai. Shi a wurinsa mai gyara ne, kallon nan na cefane ne kawai.

Ɗan manoma ne daga wajen Ƙafin Maiyaki. A gindin wata tsamiya ya koyi gyaran rediyo, wurin wani dattijo da bai taɓa karɓar ko goro a hannunsa ba, kuma wannan abu ya zauna masa a rai har ya zame masa aƙida: ilimi na Allah ne, ba a sayar da shi. Su huɗu ne a kan wannan ra'ayi, shi da Idi na Tudun Wada da Buba na Bebeji da Isa. Wanda ya gano wata dabara sai ya hau babur ya kai wa sauran. Injin da ya mutu a hannun ɗaya, kayan cikinsa na kowa ne. Ko baƙo ne ya tsaya yana leƙe, Surajo zai juyo masa da cikin injin ya ce, "Matso ka gani." Mutumin kirki ne, wannan ba gardama. Sai dai fa taurin kai, Allah ya zuba masa shi ba da mudu ba.

Da Isa ya koma Kano ya buɗe shago, ya sa wa kowane aiki farashi, ya ce kuma duk aikin da ya lalace a dawo masa da shi ya sake, Surajo ya ɗauki abin cin amana. Ya riƙa cewa abin da suka koya a gindin bishiya ne Isa ke sayarwa a cikin gilashi. Daga nan ko gaisuwa ya daina aika masa.

Akwai wani abokin Surajo, Dikko, ɗan wata rugar Fulani da ke yamma da gari. Shi ne mai zama a bencin gaba yana gardama da 'yan fim. Wata shekara ya sayar da bijimai ya tafi aikin Hajji, bai dawo ba. Aka ji ya samu aiki a kasuwar tumaki a Jidda, aka ji ya yi aure, aka ji an yi masa haihuwa, duk dai a bakin alhazai. Shekaru suka yi ta tafiya a haka.

Wata ranar kasuwa da damina, bayan alhazai sun dawo, mahaifiyar Dikko, Inna Baturiya, ta shigo rumfar da hantsi. Ta sauke ƙwaryar nono, ta ɗaga faifai, ta kwance wani ƙullin tsumma. Kaset ne na bidiyo, sabo fil.

"Ɗan nan," ta ce, tana duban ƙasa, "wani alhaji ɗan Bebeji ya kawo wannan, wai wancan ne ya aiko. Ni ban san abin da ake yi da shi ba."

Wancan ɗin Dikko ne. Ɗan farinta ne, tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba, kuma ko kashe ta za a yi ba za ta ce tana kewarsa a gaban mutane ba.

Surajo ya tayar da janareto yana rawar jiki. Ya tura kaset. Hoton ya fito zane-zane yana gudu sama, ba ka gane mutum ba ka gane bango, muryar kuma ta fito da nauyi tana jan jiki kamar mai magana daga cikin rijiya. Ya murɗa maɓallin daidaita hoto hagu da dama, ya fito da kaset ya hura, ya goge kan injin, ya sake turawa. Ba abin da ya canja.

Inna ta karkata kunne ta daɗe. "Wannan ba muryarsa ba ce," ta ce.

"Ita ce, Inna, inji ne ke ja. Ki bar mini shi zuwa kasuwa mai zuwa."

Idi ne ya fara gane matsalar. Ya ce kyamarar da aka ɗauki hoton da ita ta wata ƙasa ce daban, injinan da ke nan ba sa karanta irin wannan ɗaukar. Sannan ya sosa ƙeya ya ƙara da cewa ya ji Isa ya sayo wani inji da ke juya irin waɗannan kaset ɗin su koma irin namu.

Surajo ya yi tsaki. Ya ce su uku suna numfashi ba za a kai kuɗi Kano a kan kaset ɗaya ba, hannu da yawa ai maganin ƙazamar miya ne.

To, hannayen kam sun yi yawa. Kaset ɗin nan ya je Tudun Wada, ya je Bebeji, ya dawo Kwana, ya sake komawa. Suka kwance injinansu, suka sassauta wannan suka ɗaure wancan, suka canja robar da ke juya zaren kaset don ya ƙara gudu, har muryar Dikko ta koma ta jariri. Sau ɗaya hoton ya tsaya na ƙiftawar ido, Surajo ya ga goshi da farar hula, sannan ya watse. Wannan ɗan ganin shi ya ƙarasa ruɗa shi, don daga ranar ya rantse saura ƙiris.

Ita kuwa Inna duk ranar kasuwa sai ta zo. Ta sayar da nononta, ta shigo ta ajiye masa ɗan curin man shanu a ganye, ta zauna a bakin zana. Ba ta taɓa tambaya ba. Shi ne zai ce, "Saura kaɗan, Inna," ita kuma ta ce, "Ba sauri. Me zan gani a fuskar wancan da ban taɓa gani ba?" Babu yaron da ke ƙasar nan da bai san alkunya ce ke wannan magana ba. Surajo ma ya sani sarai. Amma maganar ta yi masa daɗi, sai ya jingina da ita.

Matarsa Zuwaira ce ta tare shi wata rana yana cin tuwo.

"Baban Asabe, ka lura da idon tsohuwar nan kuwa? Ɗazu na miƙa mata ludayi, gefensa ta kama. Yanar ido ce ke rufe mata gani. In ba ta ga ɗanta bana ba, ban san ko za ta gan shi baɗi ba. Ka kai kaset ɗin nan Kano."

"In je in durƙusa wa Isa?"

"Wa ya ce ka durƙusa? Biya za ka yi ka taho."

Ya tsame hannu ya bar tuwon. Ya ce mata ba ta san kan sana'a ba. Washegari ya sake kwance injinsa.

Kaka ta yi, aka girbe dawa, rugar su Inna ta tashi da shanu zuwa wajen Riruwai kamar yadda suka saba. Ta zo ta yi masa sallama, ta ce sai ruwa ya sauka in da rai. Ta ɗan tsaya a bakin rumfar kamar mai jiran wani abu, sannan ta ɗora ƙwaryarta ta tafi. Shi kuma har ya ji sanyi a ransa, wai yanzu ya samu rani guda ba mai zaune masa a bakin zana.

A tsakiyar ranin ne injin Buba ya cinye zaren. Da suka ɓalle murfin suka tarar ya naɗe a jikin ƙarfe ya cukurkuɗe, sai da suka yanke wani sashe suka liƙe sauran da gam. Surajo ya riƙe guntun da aka yanke a tafin hannunsa. A ranar ce ya fara tuna cewa kaset ɗin nan ba shi da na biyu a duniya. Bai shawarci kowa ba, da safe ya shiga motar Kano.

Da Isa ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Amma Isa ya tashi ya rungume shi, ya aika a sayo lemo, ya tambayi Zuwaira da yara. Sai da ya ɗaga murfin kaset ɗin ya ga zaren ya yamutse, sannan fara'arsa ta ragu.

"Kun wahalar da shi," ya ce.

Ya kai shi ƙuryar shago ya nuna masa injin. Ya ce, "Kuɗin nan da kake zagina a kansu, su suka sayo wannan. Ilimin namu ne gaba ɗaya, ban ɓoye wa kowa ba, ka zauna yanzu in nuna maka yadda yake aiki. Amma sani ba ya sayen inji, Surajo. Kuma in aiki ya lalace, dole a samu wanda za a je a kama."

Surajo ya ja kujera ya zauna. Kafin a kira azahar an juye kaset ɗin a kan sabo. Farkonsa ya tafi, wanda suka yi ta gwaji a kansa har ya goge, amma sauran ya fito tas. Ga Dikko nan zaune a kan darduma cikin farar jallabiya, ya yi ƙiba, ya ajiye gemu, da wata 'yar yarinya a cinyarsa. Aikin da ya ci damina da kaka da rabin rani, ashe na hantsi ɗaya ne. Isa ya ce a bar kuɗin saboda zumunci, Surajo ya ƙi, ya biya cif. Araha ba ta ado, ya daɗe yana jin wannan karin magana, sai a motar dawowa ya ji ta a ƙirjinsa.

Bai jira damina ba. Ya rufe rumfa, ya ɗora talabijin da bidiyo da ƙaramin janareto a bayan akori-kura zuwa Riruwai, daga nan ya yi ta tambaya har aka nuna masa inda rugar ta sauka a gindin duwatsu. Samarin rugar suka taya shi ɗauka. Aka jera kayan a inuwar wata ɗorawa, mata da yara suka kewaye, har tsofaffin maza suka matso suna dogara sanda.

Sai ga Inna ta fito daga bukka. Suwaiba, matar ƙanen Dikko, tana riƙe da hannunta, tana gaya mata inda za ta taka. Surajo ya ga haka, ya taso ya tarye su. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana fuskantar gefen kafaɗarsa.

"Ɗan nan, kai ne da wannan tafiya? Ai da ka bari sai mun koma."

"An gyara, Inna."

Aka zaunar da ita a tabarma dab da talabijin. Ya tura kaset. Dikko ya bayyana, matan rugar suka ɗauki salati ƙasa-ƙasa, wata tsohuwa ta fara share ido da bakin mayafi. Muryarsa ta fito garau, rabi Fulatanci rabi Hausa, yana gaida kowa da suna. Sannan ya gyara zama ya dubo gaba.

"Inna, ga ni. Ki dube ni da kyau, lafiyata lau, ki daina damuwa. Ga kuma takwararki, ki ga yadda ta ɗebo hancinki."

Inna ta matsa. Ta ƙara matsawa har numfashinta na taɓa gilashin. Ta kai tafin hannu ta goge shi, ta goge idonta, ta sake dubawa. Yarinyar da ke ciki tana ta ɗaga hannu tana dariya a daidai fuskarta.

"Muryar kam ta gyaru," ta ce a hankali. "Hoton ne har yanzu."

Suwaiba ta toshe bakinta da hannu ta juya baya. Surajo ya dubi hoton, wanda bai taɓa ganin mai kyansa a rumfarsa ba, har gashin gemun Dikko ana iya ƙirgawa. Hawaye na ta zuba a kan rigarsa, ga shi a gaban mata da yara, ko kunya bai ji ba.

"E, Inna," ya ce. "Hoton ne har yanzu."

"Ba komai, ɗan nan, ka yi iya ƙoƙarinka." Ta lalubo gefen talabijin ɗin ta kwantar da kunnenta a jiki. "Mayar mini da shi farko in sake ji."