Yatsan da ta ƙi dangwalawa

Shekarun baya, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, hawan jini ya kwantar da mahaifiyata a wani asibiti nan Minna. Ni ne mai zurfin boko a gida, sai aka ɗora mini zirga-zirgar kati da magani. Ina yawo da biro a aljihun gaba kamar wani likita, alhali ko allura aka zaro kau da kai nake yi.

Da safen kwana na biyu na lura wata tsohuwa Bagwariya tana bina. Na je karɓar magani, tana bayana. Na kai jini wurin gwaji, ga ta a bakin ƙofa da ƙullin kayanta a kafaɗa, yadda matansu ke ɗaukar kaya. Ba roƙo, ba gaisuwa, ido kawai. Ni kuwa an taɓa yanke mini aljihu a unguwar Kpakungu, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na tura wayata can aljihun ciki. Da na gaya wa mahaifiyata, cewa ta yi, "Ka yi ta addu'a, kuma kada ka karɓi komai daga hannunta." Nan zargina ya samu gindin zama.

Da na gaji, na juya na tsare ta. "Mama, lafiya kike bina tun safe?"

Ta kwance bakin zaninta ta zaro wata takarda da ta sha ninki. "Yaro, na gani kai kana karanta ma uwanka takarda. Karanta mini wannan. Kar ka boye komai."

Takardar amincewa da tiyata ce. 'Yarta ke naƙuda tun jiya, ɗa ya kwanta a gicciye, mijin kuma yana can ƙauye ba a same shi ba. Wata nas da ke wucewa ta tsaya ta ce, "Don Allah ka yi mata magana. Tun safe muke fama ta dangwala yatsa, ta ƙi. Lokaci tafiya yake."

Na ji haushi ya taso mini. Na ce, "Haba Mama, ran 'yarki fa!"

Ta dube ni ba ko ƙiftawa. "Mijina ya sa yatsa a takarda sau daya. Sun ce na taki ne. Gona ya tafi."

Na karanta mata da Hausa dalla-dalla. Ta ce in sake. Ina karantawa ba takardar take kallo ba, idona take kallo, irin kallon da ni ma na wuni ina yi mata. Ashe duk wannan bin da take yi, auna ni take yi ko ni ma cikin masu cuta da takarda nake.

Da na gama ta ce, "To, kai ma sa naka kusa da nawa. In karya ne, ya ci mu biyu."

Jama'a, sai ga gwanin takarda yana zufa. Me zai faru in yarinyar ta mutu? 'Yan sanda? Dangin miji? Na sake karanta takardar karo na uku, wannan karon don kaina. Ana haka wata ƙara ta fito daga ɗakin haihuwa, tsohuwar ta dafa bango. Na zaro biro zan sa hannu a wurin shaida, ta riƙe mini hannu.

"Ba biro ba. Biro na masu wayo ne."

Haka na dangwala yatsa, da digirina da komai, sannan ta dangwala nata.

Allah Ya yi da sauran kwana, uwa da jaririya suka rayu. Bayan kwana uku ta zo da doya biyu a kafaɗa ta ajiye gaban gadon mahaifiyata. Mahaifiyata, mai cewa kada in karɓi komai, ita ta fara cewa a tura su ƙarƙashin gado.

Doyar nan ta daɗe tana damuna. Mahaifina dillalin doya ne. Mutanen tsohuwar ke noma, mu ke yanka farashi, kuma da ribar aka kai mu makaranta mu bakwai. Tsohuwar ta gaya mini cikin 'ya'yanta babu wanda ya wuce aji uku, kuma a kan babur aka ɗauko mai naƙudar don ƙauyensu ba ɗakin shan magani. Ni ina tsoron ta ɗauke mini waya, ita tana tsoron abin da ya riga ya faru da ita.

Bayan rasuwar mahaifina aka ba ni ajiyar takardun gidanmu na Tudun Fulani. Na buɗe takardar sayen filin. A wurin mai saye ga sa hannun mahaifina da biro, tsaf. A wurin mai sayarwa kuwa yatsa ne, tawadar har ta koɗe. Mahaifina mutumin kirki ne, na shaida, kuma mai yiwuwa cinikin halal ne tsantsa. Amma ban san abin da aka karanta wa mai yatsan nan ba, ban kuma san ko ya samu wanda zai bi a baya ya tambaya ba.