Ƙafar Zomo a Gidan Mai Aski

Sannu-sannu ake kiransa a layin, kuma aikinsa ne ya ja masa sunan. Mai aski ne wanda ba ya gaggawa da kan mutum. Idan ka zauna a kujerarsa, sai ka haƙura da duk sabgar da ke gabanka, don sai ya kewaya ka, ya ja da baya ya kalle ka ta madubi, sannan ya dawo ya taɓa gefen kunne da almakashi kamar mai tsoron kada gashin ya ji zafi. Matasa sun daɗe da komawa shagunan da ake kiɗa da kallon ƙwallo. Tsofaffi ne suka rage masa, waɗanda gashin nasu ma ya kusa ƙarewa. Abokin aikinsa, wani mai barkwanci da ake kira Dogo, yakan ce Sannu-sannu ba aski yake yi wa mutane ba, ta'aziyyar gashi yake musu.

Shi da matarsa suna zaune a hawa na biyu na wani tsohon bene. Ɗansu yana aiki a nesa, 'yarsu kuma tana aure a ɗaya gefen garin. Matar, wadda yake kira Maman yara, ta yi aikin wanki da guga a wani otal har ƙafafunta suka gaza. Daga can ta zo da wata shuka da aka fitar za a zubar. Ganyenta sirara ne masu yanka-yanka kamar leshi, sannan akwai wasu saiwoyi masu kauri da gashi, launin toka, da suke rarrafowa ta bakin tukunyar suna sauka gefe. Saboda su ake ce mata ƙafar zomo.

Shi dai bai taɓa ganin kyanta ba. Yakan ce kamar gizo-gizo ne ya kwanta a tukunya, yakan kuma yi mata tayin aski kyauta. Maman yara takan ce ranar da almakashinsa ya kusanci shukar, to ya nemi inda zai ci abinci. Ta san halinta ciki da waje. Kusa da taga take ajiye ta, amma bayan labule, don rana kai tsaye tana ƙona ganyen. Ba ta yarda a rufe ƙafafun da ƙasa, kuma ba ta zuba ruwa sai ta soka yatsa ta ji saman ya bushe. Shekara da shekaru shukar tana nan shar, har ta rufe tukunyar.

Wata safiya yana shan shayi ya lura ganyen ƙasa sun yi ɗorawa, wasu sun zube a kan tabarma. Da ya matsa kusa sai ya ji ɗan wari kamar na tsumma da ya kwana a ruwa. Ya yi wa Maman yara magana, ta leƙo ta ce ƙila iska ce, ta koma kicin. Wannan amsar ta tsaya masa a rai fiye da ganyen, don a da ko ganye ɗaya ne ya langaɓe, sai gidan kowa ya sani.

Da abin ya ƙi ƙarewa, sai ya ɗauki tukunyar ya kai wa wata mai sayar da furanni a bakin titi. Tun da ta ɗaga ta, ruwa ya fara ɗiga ta ƙasa. Ta zazzage ƙasar, ta nuna masa saiwoyin ciki da suka yi baƙi suka yi laushi, da ƙafafu biyu da suka ruɓe daga tushe. Ta ce ruwa ne ya yi mata yawa. Sannu-sannu ya ji haushi, ya ce matarsa ta fi kowa sanin wannan shuka.

"Baba, ban san matarka ba," in ji ta, "amma wannan ƙasar ta daɗe rabonta da bushewa."

Ta yanke ruɓaɓɓun, ta zuba sabuwar ƙasa mara nauyi da ta gauraya da ɓawon itace, ta kwantar da ƙafafun da suka rage a sama. Ta ce a bar ta ta huta, in ana so a taimake ta, a riƙa fesa wa ganyen da ƙafafun ruwa kaɗan, don danshin iska take so, ba taɓo ba.

Washegari ya ce bayansa na ciwo, bai je shago ba. Ya kwanta a doguwar kujera yana kallo. Bayan karin kumallo Maman yara ta zo da jug ta zuba wa shukar ruwa. Kafin ya gama sauraren labarai ta sake zuwa. Da ta ɗebo na uku sai ya tashi zaune.

"Maman yara, ai kin ba ta ɗazu."

Ta tsaya da jug a hannu, ta dube shi da gaskiyarta. "Yaushe?"

Abubuwan da ya daɗe yana kauda kai daga gare su suka taso masa gaba ɗaya: miyar da gishiri ya yi wa yawa har suka yi dariya, makullin da aka tsinta a firij, ranar da ta kira 'yarsu da sunan ƙanwarta da ta rasu, da rigarsa da ta ƙone a ƙarƙashin dutsen guga, ita da ta yi rayuwarta tana guga ba a taɓa kuka da ita ba. Duk ya ɗauka tsufa ne kawai.

'Yarsu ce ta raka su asibiti. Likita ya yi wa Maman yara tambayoyi masu sauƙi, ta amsa wasu, ta yi dariya ta kauce wa wasu. Daga baya ya ce musu ciwon mantuwa ne, akwai maganin da zai rage masa gudu, amma ba wanda zai mayar da abin da ya tafi. A tasi 'yar ta kasa riƙe kuka, uwar ta dafa ta tana tambaya wa ya rasu.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi komai yi masa nauyi. Ya ɓoye jug, ta koma zubawa da kofi. Ya ɗora tukunyar a saman kwaba, ta yi ta lalube a falo tana kuka, wai an shigo an sace mata shuka. Ranar ya ɗaga mata murya, abin da bai saba ba, ta koma gefen gado ta zauna kamar baƙuwa. Kafin ya gama tsara yadda zai ba ta haƙuri ta manta, ta fito tana tambayarsa ko zai ci abinci. Shi ne ya kasa mantawa.

Sai ya tuna maganar mai furanni. Ya ɗauko robar fesa ruwa ta shago, wadda yake jiƙa gashi da ita, ya wanke ta tas, ya miƙa wa Maman yara. Ya ce mata yanzu haka ake ba ta ruwa, sabon yayi ne. Ta karɓa da murna. Duk sanda ta wuce sai ta fesa, shi kuma ya ɗauki shayar da tukunyar a kansa, yana soka yatsa kamar yadda ya ga tana yi. Bayan wani lokaci ƙananan ganye suka fara fitowa a naɗe daga jikin ƙafafun. Ya nuna wa Dogo hotonsu a waya, Dogo ya ce to, an samu sababbin kwastomomi masu gashi.

Murnar ba ta daɗe ba. Wata rana ya dawo cin abincin rana ya tarar da ƙofa a buɗe, ba kowa. Ya sauka yana haki, ya bi layin yana tambaya. Maƙwabciyarsu ce ta gano ta a tashar bas da takalmin wanka, tana cewa ta makara, shugaban wanki zai yi faɗa.

'Yar ta ce a ba ta uwarta ta riƙe. Ɗan ya bugo waya ya ce a ɗauki mai aiki. Sannu-sannu ya saurare su duka, ya ce a gidan 'yar ba ta san inda bayi yake ba, a nan kuwa ƙafarta ta san hanya ko da kanta ya manta. Suka rabu kowa da ɓacin rai, aka tsaya a kan 'yar za ta riƙa zuwa ƙarshen mako. Ya bar wa Dogo shagon, suka ɗauko kujerar aski ɗaya da madubi, suka hau da su bene da ƙyar.

Yanzu a falo yake aiki, ƙofa a kulle, makullin a aljihunsa. Yawancin tsofaffin sun daina zuwa, gwiwa ba ta barin su hawa. Shukar ta cika a gefe ɗaya, ɗaya gefen har yanzu fili ne. Shi kansa ya rame, ba ya samun isasshen barci, kuma akwai ranakun da Maman yara take gaishe shi da ladabin da ake yi wa baƙo.

Kwanan baya wani tsohon direba yana kan kujera, ta fito da robarta, ta fesa wa shukar, ta juyo ta fesa wa sanƙon mutumin, ta wuce abinta. Sannu-sannu ya fara ba shi haƙuri. Direban ya share ruwan da ya gangaro masa ido, ya ce a ƙyale ta, dama zafi yake ji. Sannu-sannu ya ɗaga almakashi zai ci gaba, sai ya ji ya kasa. Ya sauke shi, ya ce wa direban ya ɗan jira.