Allurar da Kakata Ta Roƙe Ni

Shekarun baya, ina karatun likitan dabbobi a Samaru, kakata ta kwanta da ciwon daji. Ita ta raine ni a Sabon Gari, kuma tun ina rarrafe take ce mini "mijina", irin wasan kaka da jika. In na shigo hannu rabbana ta ce ragon miji ya dawo, ni kuma in ce tsohuwar mata ba a yi mata cefane. Ba mu taɓa yin magana a miƙe ba.

Asibiti suka sallamo ta da ƙwayoyi, suka ja mahaifiyata gefe suka ce sai dai addu'a. A gida aka haɗa baki aka ɓoye mata. Kowa ya shigo sai ya ce ai Kaka an ji sauƙi, har an yi ƙiba. Matar da ta koma kamar sillen kara!

Ni kuma da rawar kan ɗalibi, na taɓa ba ta labarin karen maƙwabcinmu mai sayar da kayan mota, wanda tifa ta karya wa baya, malaminmu ya yi masa allura ya tafi cikin barci. Har da fankama, kamar ni na riƙe sirinjin.

Wata Asabar ina matsa mata ƙafa, sai ta ce, "Mijina, allurar nan ta kare, ba ka rage wa matarka ba?"

Na yi dariya. Da ta maimaita a mako na gaba, dariyar ta ƙi fitowa. Illar wasan kaka ke nan, ba ka sanin inda ya tsaya.

Na garzaya wurin abokina mai karatun lauya, na tambaye shi hukuncin yi wa mutum irin wannan allurar. Ya zuba mini lacca: a Arewa laifin kisa ne, a Kudu ma haka duk da kundin dokar ba ɗaya ba ne, ko da mara lafiyar ne ya roƙa da bakinsa. Ya ce a Amurka akwai jihar da ta yarda likita ya rubuta wa mai ciwon ajali maganin tafiya, amma ka tsallaka maƙwabciyarta sai kurkuku. Allah ya sani ba don in aikata na tambaya ba, abin fakewa nake nema.

Na kwaso laccar na juye mata. Ta saurara tsaf, sannan ta tambaye ni ko a tashar Kwangila ake hawa motar jihar nan. Ta ce ta san hukuncin Allah tun ba a haifi uwata ba, ba ta aike ni neman lauya ba. Daga nan ta riƙe hannuna.

"Kai kaɗai ne ba ka jin kunyata a gidan nan. Zan tashi, ko ba zan tashi ba?"

Na so ƙasa ta tsage. Na nemi tsokanar da zan kauce da ita, na rasa. Na ce, "Kaka, ba za ki tashi ba."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Yauwa. Sai yau na yi miji."

Mahaifiyata ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata. Amma sai ga shi ashe Kaka danne zafin ciwon take, don kada ta ƙaryata masu cewa ta ji sauƙi. Muka koma wa likita da gaskiya, ya sauya magani, ta fara samun barci. Ta sa aka kirawo ƙanwarta daga Jushi wadda suka daɗe suna gaba, suka yafi juna. Ta raba zannuwanta, ta zaɓi wadda za ta yi mata wanka. Ba ta ƙara zancen allura ba har ta rasu da damina.

Yanzu ni ke yi wa dabbobi wannan allurar, kuma in na ji ana muhawarar dokarta a kan mutane a ƙasashen waje, kakata nake tunawa. Ban ce ba ta taɓa son tafiya ba, ciwon ba na wasa ba ne. Amma na ga yadda ƙaryar masoya take barin mai jinya shi kaɗai a cikin cikakken gida. Ina kewarta ƙwarai.

Ana saura kwana kaɗan ta rasu, ta ce in daure in yi mata takaba ko ta mako guda ce, ragon miji. Na ce Allah ya sawwaƙe, namiji da takaba, washegari zan yi sabuwar amarya.

Har yau ban fita takabar ba.